Kafin sabon layin dogo ya iso Daura, wa zai ɗauki hoton tsohon?

Daura ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, amma a yau tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, kuma layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021 zai ratsa ta.

Sai dai faɗin sabon layin milimita 1,435 ne, na tsohon da ya iso Kano a 1911 kuwa 1,067. Ke nan sababbin jirage ba za su iya shiga tsofaffin rumfunan gyara na reluwe da ke Zariya da Kano ba. Ginin da ya rasa aiki a tsakiyar birni, inda fili ke tsada, ba ya daɗewa a tsaye.

A Legas, ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara gidan Jaekel na Ebute Metta, ta mayar da shi gidan tarihi mai ɗauke da hotunan reluwe. Ɗaliban Daura na iya fara irin wannan da kyamarar waya: ramukan duba ƙarƙashin jirgi, injuna, da tsofaffin makanikai, tun suna raye su faɗi sunan kowane ƙarfe.