Filin Mata: Katin Banki Da Ɗan Aike

Makon nan zancenmu a kan ajiyar kuɗi ne, da yadda sirrinta ke fita daga ɗaki mai ɗakin ba ta sani ba.

Iyayenmu sun san ajiya. Mace takan tara 'yan sulallanta cikin asusun ƙasa, ko ta ƙulle a bakin zane, ko ta tura cikin kwalla can ƙuryar ɗaki inda ko maigida ba ya leƙawa. In ta shiga adashi, daga ita sai 'yan adashin suka san ranar kwasarta. Wannan kuwa ba rowa ba ce. Kuɗin nan su ne kayan ɗakin 'yarta, su ne magani ran da yaro ya kwana da zazzaɓi maigida ba ya gari. In kowa ya san abin da ke gare ta, kafin Juma'a masu rance sun yi layi. Shi ya sa aka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To, zamani ya juya. Da aka sake takardun naira a ƙarshen 2022, tsabar kuɗi ta yi wuya a farkon 2023, duk wanda ya ga kasuwar Juma'a ta Wudil a watannin nan ya san wahalar da aka sha. Mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinkin hula da mai awara, kowace sai da ta buɗe asusu, domin mai saye ya ce ba shi da tsaba sai dai ya tura. Abin ya yi amfani, ba musu. Wuta ba ta cin kuɗin da ke banki, gara ma haka.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Matar aure ba kullum take fita ba, sai aike. Takan ba yaro kati, ta gaya masa lambobin sirri huɗu, wata ma har ta rubuta masa a takarda don kada ya manta a hanya. Yaro ya isa gindin lemar mai POS, mutane na tsaye, ya miƙa kati, ya faɗi lamba da ƙarfi kamar mai karatun allo, mai POS ya danna da hannunsa. Ku ƙirga mini, mutum nawa ne yanzu suka san mabuɗin akwatinki? Mafi yawan masu sana'ar nan mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, ba su nake zargi ba. Sai dai mabuɗin da ya zaga hannu biyar ya tashi daga mabuɗi. Hanya mafi kyau ita ce ki tura wa mai POS kuɗin daga wayarki kina zaune bisa tabarmarki, yaro ya je ya karɓo tsaba kawai, kati yana ɗaki. In ba ki iya ba, ki sa 'yarki ta makaranta ta koya miki, amma lambar ki danna da kanki.

Sa'an nan sai maganar layin waya, wadda a ganina ta fi ta kati nauyi, ko da yake ba a cika kula da ita ba. A Disamba 2020 Gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Mata da yawa ba su yi rajista ba a lokacin, sai miji ko wa ko ƙane ya yanka musu layi da sunansa. Wata kuma ranar buɗe asusu ba ta da waya, sai ta ba da lambar maigida. To, duk kwabon da ya shiga ko ya fita, saƙo can zai tafi. In gidan mace biyu ne, wayar kuwa tana ajiye a kan tabarmar tsakar gida, ba sai na ƙarasa ba. Balle in aure ya ƙare, Allah ya kiyaye, ki tafi da kayanki ki bar layi a baya. Wanda ke riƙe da layin nan yana iya danna 'yan lambobi ya ga BVN ɗinki, kuma duk lambar tabbatarwa da banki zai aiko wurinsa za ta sauka. Haka nan layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan sayar wa wani baƙo. Saboda haka lalle ki yi layi da sunanki, ki je banki da ƙafarki a sake lambar.

BVN ɗin nan Babban Bankin Nijeriya ne ya fito da ita a 2014, lambobi 11 ne, an ɗaure su da hoton fuskarki da zanen yatsunki. In wani ya bugo ya ce daga banki yake, za a rufe asusunki, ko an sa sunanki cikin masu tallafi, ki karanto masa lambar da aka aiko miki yanzu, to ki kashe waya. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya, ko da wasa.

Yanzu ku 'yan makaranta, ku matso kusa. A asusu irin na OPay da PalmPay, lambar asusu ita ce lambar waya in an cire sifirin farko. Watau wanda kika ba lambar asusu ya biya ki kuɗin turare, ya sami lambar wayarki ke nan. Wanda kuma ya sami lambar wayarki, in ya sa ta kamar zai tura kuɗi, sai cikakken sunanki ya fito masa, har da na mahaifinki. Ku yi tunani kafin ku liƙa lamba a WhatsApp kowa ya gani.

Ku kuma guji masu ba da rance ta waya. Waɗansunsu sukan kwashe lambobin mutanen da ke cikin wayar, in kwanan biya ya wuce su aika wa kawunki da malaminki da surukar yayarki cewa ke ɓarauniya ce. Abin ya yi muni har hukumar tarayya mai kare masu saye ta kai samame ofisoshin waɗansu a Legas cikin Maris 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna daga ƙarshen Mayu 2023. Amma wadda aka turo miki ta bayan gida ba ruwanta da wannan hani.

Akwai doka, ku sani. A Yuni 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane, da hukumarta a Abuja, kuma a Agusta 2024 hukumar ta ci tarar wani babban banki sama da naira miliyan 555. Kina da iko ki tambayi banki abin da ya yi da bayananki, ki kai ƙara in an ba wani ba da yardarki ba. Sai dai kafin takarda ta je Abuja ta dawo Wudil, kuɗin adashi sun yi nisa.

Don haka aikin makon nan: wadda ta taɓa ba ɗan aike lambar katinta ta sake ta, kada ta sa shekarar haihuwarta ko 1234. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba adashin da ake zubawa ta waya, da yadda uwar adashi za ta riƙa rubuta lissafi.