Yaron da Ba Ya Amsa Kira: Kada Mu Ƙarar da Rumbu Wajen Neman Maganin da Babu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Matankari da sauran garuruwan Arewa, yau maganarmu a kan wani yaro ce. Garuruwa da yawa suna da irinsa. Ya shekara uku ko huɗu, amma bakinsa bai buɗe ba. Ana kiran sunansa, ba ya waiwayowa. Ba ya kallon idon uwarsa. Ba ya shiga wasan yara. Sai ya koma gefe yana juya murfin kwano, ko yana kaɗa hannuwansa. In aka ta da injin niƙa, sai ya toshe kunnuwa ya yi ta kururuwa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim. A rediyo mukan ji ana ce masa galahanga. Wani likita mai suna Leo Kanner ne ya yi bayaninsa a Amurka cikin 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ya fi yawa ga yara maza. Da shi ake haihuwar yaro, domin ƙwaƙwalwarsa tana girma ne ta wata hanya daban. Ba a ɗaukarsa wurin wani. Babu laifin uwa a ciki. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi.

To, me muke yi idan Allah ya ba mu irin wannan yaro? Wani ya ce iska ce. Wani ya ce sammu ne. Sai a shiga yawon neman magani gari gari. A sayar da akuya. A buɗe rumbu tun rani bai raba ba, a kai hatsi kasuwa. Wani mai magani ya ce a turara shi da hayaƙi, wani ya ce a ɗaure shi. Mai tallar ƙwayoyi a kasuwa kuma ya ba da na sa barci. Damina ta zo, gida babu abinci, babu iri, yaro kuwa yana nan yadda yake, sai tsoro da ya ƙaru gare shi.

Ra'ayinmu shi ne a faɗa wa iyaye gaskiya. Har yau babu ƙwaya, babu allura, babu saiwa da ke raba mutum da galahanga. Babu ita a Yamai, babu ita a Faransa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai warkar da yaro cikin kwana bakwai, aljihunmu yake so. Ba mu hana kowa yi wa ɗansa addu'a ba. Amma duk maganin da ke da duka, ko ɗauri, ko hana abinci, cuta ce aka ƙara wa yaro.

Wani zai ce: ashe sai mu naɗe hannu ke nan? A'a. Akwai aiki, kuma aikin yana da amfani.

Na farko, mu kai yaro asibitin garinmu da wuri. A 2006 ne gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin ganin likita a asibitocinta. A fara duba kunnensa, domin sanƙarau yakan bar yaro da kurumta, kurma kuwa ba ya amsa kira. In abin ya fi ƙarfin majo, zai tura mu asibitin Dogondutsi, daga can zuwa Doso ko Yamai.

Na biyu, mu san abin da maganin asibiti yake iyawa. Wasu daga cikin yaran nan suna da farfaɗiya. Ita tana da magani, kamar fenobarbital, wanda ake sha kullum ba a fashi. Wasu kuma fushinsu yakan kai su ga cizon kansu ko buga kai ga bango. Ga su likita yana iya rubuta risferidon. Yana kwantar da fushi, amma ba ya buɗe baki, kuma yana sa ƙiba da yawan barci. Saboda haka likita kaɗai ke ba da shi, shi ke auna yawansa.

Na uku, wanda ya fi duka, shi ne koyarwa a gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga yadda za mu yi:

1. Mu durƙusa daidai tsayinsa, mu kira sunansa, mu yi magana gajera: "Ga ruwa." "Zo ci."
2. Mu shiga wasan da yake so. In duwatsu yake jerawa, mu miƙa masa ɗaya, mu jira ya dube mu.
3. In bai iya faɗi ba, mu koya masa nuni da hannu. Ya nuna moɗa, a ba shi ruwa. Yaron da ya sami hanyar roƙo, kukansa yakan ragu.
4. Mu raba aiki ƙanana ƙanana. Wanke hannu, sa riga, zuwa bayan gida: mataki ɗaya yau, wani in ya iya wannan.
5. In ya yi daidai, mu yaba masa nan take.
6. Mu tsayar da lokacin ci, wanka da barci. Sauyi ba shiri yana ruɗa shi.
7. Mu rufe bakin rijiya, mu sa ido a kan tabki da damina. Yaran nan sukan fita ba sallama, ruwa kuma yana jan hankalinsu.

Ba duka yara ne za su kai wuri ɗaya ba. Wani zai yi magana har ya shiga lakwal. Wani ba zai yi ba, amma zai iya ciyar da kansa, ya ba awaki dusa, ya taya tsinke gujiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan riba ce.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ke daka, da ɗebo ruwa, da zuwa gona, ba za ta iya aikin nan ita kaɗai ba. Maigida ya ɗauki rabonsa. Kaka da yayye su karɓe ta. Mai gari da limamai su tsawata wa masu jifar yaron da masu kiransa mahaukaci. Malamin lakwal ya ba shi wurin zama. Mu kuma da muka koyi karatu, mu karanta wannan shafi ga maƙwabtanmu.

Hatsin da za mu kai wa mai alkawarin ƙarya, mu bar shi cikin rumbu yaron ya ci. Lokacin da za mu ɓata a hanya, mu zauna da shi a tsakar gida. Sannu sannu ba ta hana zuwa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba iyayen yaran nan haƙuri.