CIWON SUKARI DA MAKANTA: A KAI MASU DUBA IDO MAGARYA DA DUNGAS

Jama'a, ciwon sukari ya wuce zama ciwon attajiran birni. Ya shiga karkara, yana kuma tafe da wata masifa wadda mutane da yawa ba su sani ba, wato makanta. Bincike na duniya ya nuna cewa cikin masu ciwon sukari, wajen mutum ɗaya cikin uku ciwon ya riga ya taɓa masa ido.

Ga yadda abin yake faruwa. Can ƙuryar ido akwai wata shimfiɗa mai taushi inda hoton abin da mutum ya duba yake sauka. Idan sukari ya daɗe da yawa cikin jini, ƙananan jijiyoyin wannan shimfiɗa sukan lalace, su riƙa tsiyaya. Daga baya waɗansu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari su tsiro, su fashe, jini ya cika ido. Mugun abin shi ne, da fari babu zafi, babu ja, babu ƙaiƙayi. Sai gani ya dushe kana mutum ya farga.

Magani yana nan. A shekara ta 1949 wani likita Bajamushe, Meyer-Schwickerath, ya fara ƙona wurin da ya lalace cikin ido da hasken rana. Yau hasken leza ake amfani da shi. Wani babban bincike da aka yi a Amurka ya tabbatar a shekara ta 1976 cewa wannan ƙuna tana rage haɗarin makanta da fiye da rabi. Ba a yanka, ba a kwantar da mutum, zama ɗaya zuwa uku yakan isa. Akwai kuma allurar da ake yi cikin ido, amma tana da tsada, sai an yi ta maimaitawa, abin da manomi ba ya iyawa. Sai dai a lura: leza tana tsare ganin da ya rage, ba ta maido wanda ya tafi. Wanda ya zo a makare ya yi asarar kuɗin mota.

To, wane ne zai gano ciwon da wuri? Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami fiye da mutum 900.000 a gundumomin Magarya da Dungas, yau kuwa sun ƙaru ƙwarai. Shirin yaƙi da makanta da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 1999 ya ɗibar wa Afirka likitan ido ɗaya ga mutum 250.000. Bisa wannan ma'auni, gundumomin biyu sun cancanci likitocin ido uku zuwa huɗu tun wancan lokaci. Amma a Nijar, kamar sauran ƙasashe maƙwabta, yawancin ƙwararrun ido suna babban birni da manyan garuruwa. Daga Magarya zuwa Damagaram wajen kilomita 90 ne. Mutumin Dogo-Dogo ko Malawa tafiyarsa ta fi haka. Waɗansu sukan ƙetara iyaka zuwa Kano. Magidanci ba zai bar gonarsa da damana ya yi wannan tafiya domin idon da ba ya yi masa zafi ba.

Saboda haka sayen na'ura kaɗai bai wadatar ba. Na'urar leza tana iya zama a babban asibitin jaha, amma masu duba ido dole su kasance kusa da talaka. Ƙasar nan ta riga ta gwada wannan hanya. Tun ƙarshen shekarun 1990, a yaƙi da amodari, an koya wa malaman asibiti gyaran fatar ido da gashinta ya juya ciki, suka bi ƙauyuka suna aikin, cutar kuwa ta ja baya ƙwarai a jahar Damagaram. Haka za a iya koya musu ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido, su ɗauki hoton ƙuryarsa da ƙaramar na'ura, su aika wa likita ta wayar salula. Wanda aka ga alama gare shi a tura shi Damagaram da takarda da ranar zuwa.

Abu uku ke gaban hukuma. Na ɗaya, ɗaliban da ƙasa ta biya wa karatun ido, a Yamai ko a makarantar IOTA ta Bamako, su yi shekarun farko na aikinsu a gundumomi. Na biyu, a ba su gida, kayan aiki da alawus, domin ma'aikacin da aka tura hannu banza ba ya daɗewa. Na uku, duk wanda aka rubuta da ciwon sukari a asibitocin Bande, Waca ko Guci, a duba masa ido sau ɗaya a shekara.

Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuma suna da nasu aiki: su karanta wa dangi wannan labari, su raka mai ciwon sukari wurin awo tun yana gani garau. Ba a fafe gora ranar tafiya.