Damin karta 60: amsa ga Elhajin da ɗansa ke neman kuɗin kati

A wannan mako wani abokina ne, ɗan kasuwa a Maraɗi, ya ba ni aiki. Na iske shi bakin kantinsa fuska a murtuke, tarho a hannu. Ashe ɗansa da ke karatu a Liyon ta ƙasar Faransa ne ya aiko yana neman ƙarin kuɗi, wai zai gyara kartarsa saboda wata gasa da ke tafe. Ya dube ni ya ce: "Mushe, kai da ka san can, gaya mini tsakani da Allah. Na tura yaro neman ilimi, shi ke nan ya koma ɗan caca?" Na ce: "Elhaji, kwantar da hankalinka. Ba ni sati guda, in amsa maka a jarida, don na san ba kai kaɗai ke da wannan tambaya ba." To, ga amsar.

Da farko dai wannan karta ba irin wadda muka sani ba ce. A belot ɗin da ma'aikata ke bugawa bayan an tashi daga aiki, kati 32 ne na kowa da kowa, a cakuɗa a raba, abin da ya faɗo maka shi ne rabonka. Ita kuwa wadda yaron ke bugawa, kowane ɗan wasa da nasa katunan yake zuwa, waɗanda ya saya ko ya yi musanyarsu, ya zauna ya zaɓa ya ɗaure tun daga gida. Wannan ƙunshi shi za mu kira dami. Sunan wasan Magic: The Gathering. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, shi ya ƙago shi, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da shi a 1993. Daga baya irinsa suka biyo daga Japan: katunan Pokémon a 1996, na Yu-Gi-Oh! a 1999. Faransawa kuwa tun farko suke ciki, domin a gasar duniya ta farko, a 1994, Bafaranshe ne, Bertrand Lestrée, ya zo na biyu.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Mutum biyu ke karawa, kowa yana farawa da maki 20, wanda nasa suka ƙare ya faɗi. Kowa zai ɗauki kati 7 daga saman daminsa, sa'an nan a kowane zagaye ya ƙara guda. Katunan kashi biyu ne. Akwai katunan ƙasa, waɗanda su ne jari: kowane ɗaya yana ba da ƙarfi guda a kowane zagaye, ba a kuma aje fiye da ɗaya a zagaye. Wannan ƙarfi suna ce masa mana, amma ba "mana" tamu ta "zo mana" ba. Akwai kuma katunan aiki, mayaƙa da makamai da dabaru, kowane da farashinsa rubuce a goshinsa, wani ƙarfi ɗaya, wani uku, wani shida. Ƙarfin nan launi biyar ne: fari, shuɗi, baƙi, ja da kore, kuma katin ja sai da ƙasa mai ba da ja. Dokar gasa ta ce dami kada ya kasa kati 60, kada a sa kati iri ɗaya fiye da guda 4 in ban da katunan ƙasa na asali, an kuma yarda mutum ya riƙe wasu har 15 a gefe na ko-ta-kwana.

Doka ta ce kada a kasa 60, ba ta hana a wuce ba, amma da wuya ka ga gwani ya ƙara ko guda. Dalilin lissafi ne. In ka sa mafi kyawun katinka guda 4 cikin 60, damar ka same shi cikin bakwai ɗin farko kashi 40 ne cikin 100. In ka sa 3 ta sauko wajen 32, in 2 ta koma 22, in guda tak ba ta kai 12 ba. In kuma kwaɗayi ya sa ka cika damin ya kai 70, ko da ka sa guda 4 ɗin, damar ta faɗo zuwa 35. Watau duk katin da ka ƙara bisa 60, hanya yake tare wa wanda ya fi shi. Sabon shiga kan so ya zuba duk abin da ya ba shi sha'awa, ɗaya-ɗaya, kamar mai tebur da ke son a ce ba abin da babu a wurinsa. Gwani kuwa yakan tsaya kan iri tara ko goma, ya sa kowane hurhuɗu, don damin ya riƙa yi masa aiki iri ɗaya yau da gobe.

Sai maganar jari, inda nan ne akasarin yara ke faɗuwa. Katin ƙasa ba ya faɗa, ba ya da ban sha'awa, saboda haka sai yaro ya rage shi don ya samu wurin cusa mayaƙa. Abin da aka saba shi ne wajen 24 cikin 60, mai gaggawa ya rage kaɗan, mai jan lokaci ya ƙara kaɗan. Da 24, sau ɗaya cikin bakwai ne za ka buɗe hannunka ka iske ƙasa guda ko babu. In ka rage zuwa 20, abin ya koma sau ɗaya cikin huɗu. A irin wannan hali ko dai ka zauna da kaya a hannu ba abin biya, ko ka nemi a sake maka rabo, a kuma rage maka kati guda. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cika sito da kaya har ya rasa kuɗin fito da na dako ya san wannan ciwo. Haka nan yawan launi: taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Wanda ya haɗa launi da yawa ba tare da ƙasashen da suka dace ba, zai riƙa samun katin ja a hannu alhali ƙasar kore ce a gabansa.

Bayan jari sai tsarin farashi. A 1996, a wata gasar share fage a Atlanta, wani mai suna Paul Sligh ya zo da damin ja wanda abokinsa Jay Schneider ya tsara. Mayaƙan ciki ƙanana ne, irin waɗanda manyan ƴan wasa ke rainawa, amma ya zo na biyu. Sirrin shi ne an lissafa yawan masu farashi ɗaya, da masu biyu, da masu uku, yadda a zagayen farko akwai abin saukewa, a na biyu akwai, a na uku akwai, ba ƙarfin da zai kwana banza. Kafin abokin karawa ya tara jarin fito da babban dodonsa mai farashi shida, makinsa sun kusa ƙarewa. Tun daga lokacin duk mai haɗa dami yakan shimfiɗa katunansa bisa tebur layi-layi gwargwadon farashi, ya ga inda ya yi tudu da inda ya yi rami. Ƙarfin da ba ka kashe a zagayensa ba, ba a tara maka shi zuwa gobe, ya tafi ke nan.

Akwai kuma wata makaranta, ta masu haƙuri. A tsakiyar shekarun 1990 Brian Weissman ya yi suna da wani dami wanda mayaƙan cikinsa biyu ne kacal, sauran duk tsaro ne da hanawa da ƙarin ɗaukar kati. Karatunsa shi ne ribar kati: in katinka guda ya share mayaƙa uku na abokin karawa, ka ci ribar biyu. Ka yi haka sau uku ko huɗu, sai ka ga hannunsa ya bushe naka yana cike, sa'an nan ka gama da shi a tsanake. Saboda haka tambayar farko da mai haɗa dami zai yi wa kansa ita ce: ta wace hanya zan ci, kuma a zagaye na nawa? Ko farmaki tun da wuri, ko haƙuri da tsaro, ko haɗa wasu katuna biyu ko uku da ke kashe wasa nan take. Duk katin da bai taimaki wannan hanya ba, kome kyansa, kome tsadarsa, waje zai yi. Wannan cirewa ita ta fi wuya, domin sau da yawa katin da ya kamata a fitar shi ne wanda mai shi ya fi ƙauna.

To, ko da dami ya tsaru, ba shi kaɗai zai shiga fili ba. Wanda zai kai kaya kasuwa yakan tambayi abin da sauran ƴan kasuwa za su kawo. A 1996 wani katin baƙi mai suna Necropotence, wanda ke ba mutum damar sayar da makinsa ya ɗauki katuna, ya mamaye gasa har ƴan wasa suka laƙaba wa lokacin suna baƙar bazara. Da aka zo gasar duniya ta shekarar, Tom Chanpheng na Ostiraliya ya zo da ƙananan mayaƙan fari, cikinsu har da waɗanda katin baƙi ba ya taɓawa, ya kayar da Mark Justice mai damin baƙi a wasan ƙarshe. Ma'aikatan buro kuma ga naku: a takardar da ake cikawa kafin gasa, Chanpheng ya manta bai rubuta ƙasashensa masu ba da shuɗi ba, alƙalai suka tilasta masa bin abin da ke rubuce, sai ya buga da katin shuɗi a daminsa wanda ba ya da hanyar biya. Ya ci dai, amma takarda ta kusa kashe shi.

Nan ne amfanin katuna 15 na ko-ta-kwana. A gasa wasa uku ake yi, wanda ya ci biyu ya wuce, kuma bayan wasan farko an yarda kowa ya musanya wasu katuna da na gefe. Gwani tun a gida yake rubuta cewa in na gamu da dami kaza, zan fitar da waɗannan huɗu in shigar da waɗannan huɗu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sa na gefe bai san abin da zai cire ba, ya yi ɗaukar kaya ne kurum.

Saura gyara, wanda shi ne aikin da ba ya ƙarewa. Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwaji ma yana da ƙa'ida. Dami biyu masu ƙarfi ɗaya in suka kara sau 10, kusan sau ɗaya cikin uku ɗayansu zai ci 7 ko fiye, don sa'a kawai. Saboda haka wasa goma ba shaida ba ce. Masu hankali kan buga da yawa, da abokan da ke riƙe da irin damin da za a gamu da shi a gasa, su riƙe littafi: wa na kara da shi, wa ya fara, wane kati ya kwana a hannuna bai yi aiki ba, wane na yi ta addu'ar ya zo. Sa'an nan su canza kati biyu ko uku, su sake gwadawa. Wanda ya rushe rabin daminsa saboda ya faɗi daren jiya, ba zai taɓa sanin abin da ya gyara da abin da ya ɓata ba.

Yanzu, Elhaji, ga tambayarka. A farkon wasan lalle akwai dokar da ta ce kowa ya aje kati guda, wanda ya ci ya kwashe. An hana wannan a gasa, kuma tun bayan 1995 ba a sake buga katin da ya dogara da ita ba. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai ƙofa biyu da kuɗi ke zurarewa. Ta farko ƴan fakitin da ake sayarwa a rufe, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Wanda ke neman kati guda ta wannan hanya yana sayen tsuntsu a sama ne, alhali ana sayar da katin ɗai-ɗai da farashinsa a fili. Ta biyu ita ce kati kaya ne mai lalacewa. A rukunin gasa na sababbin katuna, tun 2023 wajen shekara uku kati ke yi ya fita. Kamfanin kuma yana iya haramta kati in ya fi ƙarfin wasa: wani mai suna Oko ya fito a Oktoban 2019, a Nuwamban shekarar aka hana shi a wannan rukuni, waɗanda suka zuba kuɗi suka saye shi hurhuɗu don gasa suka wayi gari da kayan da ba sa shiga fili. Kada kuma yaro ya ruɗe ka da labarin Black Lotus, tsohon katin 1993 da aka sayar da guda kan dalar Amurka miliyon 3 a 2024, sama da miliyar ɗaya da rabi na sefa ke nan. Wannan harkar masu tara kayan tarihi ce, ba ta ɗalibi ba. Ɗalibi akwai rukuninsa mai suna Pauper, inda katuna gama-gari masu araha kaɗai ake yarda da su, lissafin kuwa duk ɗaya ne.

Shawarata ita ce, kafin ka tura ko dala, ka sa ya aiko maka da jerin katunansa 60 da na gefe 15 a rubuce. Ka tambaye shi abu uku: ta wace hanya damin ke ci, waɗanne katuna zai cire in ya sayi sababbin, kuma wasa nawa ya buga kafin ya yanke shawarar. In ya amsa da lissafi da littafi, to yaronka yana koyon abin da kai ka koya a bakin kanti, ka yanka masa ƙayyadadden abu a wata, bisa sharaɗin sakamakon jarrabawa ya zo tare da jerin. In kuwa ya ce maka katin yana da kyau ne kawai, kowa ma shi yake saye, to riƙe kuɗinka, ka ce ya koma ya ƙidaya ƙasashensa tukuna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.