Wa Ke Ɗaukar Nauyin Gadojinmu?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, injiniyoyin Jamus suna da wata kalma da ba sa wasa da ita, wato Tragfähigkeit. Ma'anarta ita ce iyakar nauyin da gini, ko gada, ko ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi za su iya ɗauka ba tare da sun rufta ba. Tun da kamfanin Julius Berger ya zo gina Gadar Eko a Legas cikin 1965, wasu 'yan bokonmu suke kallon wannan ilmi tamkar asirin Bature. Mu kuwa cewa muke yi babu wani asiri a ciki. Mai jakin da ke kai dawa kasuwar Birnin Kudu ya san mangalar da dabbarsa za ta iya ɗauka, ya kuma san ƙarfin bara ba shi ne na bana ba.

Haka ita ma gada take. Kowace damina ruwa yana zaizaye ƙasar gindin ginshiƙanta, manyan motoci suna bi ta kanta da lodin da ya wuce kima, ƙarfinta yana raguwa a ɓoye. Shi ya sa ƙa'idar Jamus ta wajabta yi wa kowace gada babban bincike duk shekara 6.

To, mu fa? A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka. Motar fasinja ta afka ciki, mutum 21 suka rasu, cikinsu har da samari masu neman shiga aikin soja. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba za mu yarda a mai da ita mayafin rufe sakaci ba.

Saboda haka muna kira ga hukuma da ta binciki kowace gada da kwalbati a Birnin Kudu da Gwaram kafin ruwa ya sauka. A kafa allo da Hausa, mai bayyana tan nawa gada take ɗauka, da ranar da aka duba ta, da ofishin wanda ya sa hannu.

A harshenmu ɗaukar nauyi ba aikin ƙarfe da siminti kaɗai ba ne, aikin shugaba ne. Gobe mu ne za mu zauna kan waɗannan kujeru. Wanda ba zai iya ɗauka ba, ya sauke tun gada ba ta sake cin rai ba.