Kaset ya tafi da hirar tsakar gida

Jama'a ku yi mini uzuri, ni dai har gobe ina ganin kaset ɗin bidiyo ya fi wayar hannu albarka. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, kallon fim ɗin Hausa ya zama sha'anin taro. A unguwarmu talabijin ɗaya kan ɗauki gida biyar. Bayan sallar isha'i a aiki yaro shagon haya ya karɓo kaset, a shimfiɗa tabarmi, yara a gaba, iyaye mata a baya suna yi wa muguwar kishiya Allah wadai. In hoto ya fara rawa, sai a kwance bidiyon a goge kansa da farar takarda, kowa ya zama injiniya. Da faifan CD ya mamaye Kasuwar Ƙofar Wambai, ƙarzuwa ɗaya kan daskarar da jarumi baki buɗe, amma dai tare muke yin tsaki. Yau fa? A kai memori wurin masu turi ko a hau YouTube, kowa ya toshe kunnuwansa ya shige ɗaki, mutum goma kallo goma. Hoton yanzu ya fi kyau, ban musa ba, sai dai a da uwa ta san abin da ɗanta ke kallo domin tana wurin. Don Allah ko sau ɗaya a mako, ku haɗa wayar da talabijin ku tara iyali.