Wa ya ba ku makullin Aljanna?

A 2007, shekara goma bayan rasuwar Mother Teresa ta Kalkata, aka buga wasiƙun da ta rubuta wa limaman da take kai wa damuwarta. Cikinsu ta faɗi cewa ta yi kusan shekara 50 tana addu'a ba ta jin kusancin Ubangiji, sai duhu da shiru. Ita kanta ta roƙi a lalata takardun, ba a yi ba. Tun daga nan alƙalan lahira suka shimfiɗa buzu: wasu su ce ta mutu ba imani, wasu su ce munafuka ce. Ni kuwa na ce ƙarya kuke, ba ku san komai ba.

Ni ɗalibin ilimin harshe ne, bari in fara da kalma. Shakka daban, musu daban. Mai musu ya rufe zance ya juya baya. Mai shakka yana nan tsaye bakin ƙofa yana sallama. Matar nan da take kukan an yashe ta, wa take kai wa kukan? Mutum ba ya shekara 50 yana kiran wanda ya tabbata babu shi. Ko a Hausa, in mun ce yaro na shakkar ubansa, ai kwarjini muke nufi.

Kada ƴan uwana Musulmi su ce can ga su gada. Imam Ghazali, wanda ake karanta Ihya ɗinsa a zaurukan Damagaram da Maraɗi, ya rubuta da hannunsa cewa ya yi wajen wata biyu cikin kokwanto. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi a Nizamiyya ta Bagadaza, ya bar garin. Da a ce ya cika a watannin nan, mi za ku ce? To ashe hukuncinku ya rataya ne ga ranar da kuka leƙa zuciyar mutum. Annabi Ibrahim ma ya roƙi ya ga yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu.

Mai son sukar Teresa, ga fili nan. A 1994 editan mujallar likitanci The Lancet ya ziyarci gidan majinyatanta, ya koka da ƙarancin maganin kashe zafi. Wannan aiki ne na zahiri, a yi ta gardama a kai. Makomarta kuwa ba ta hannun ɗan jarida, ba ta hannun mai wa'azin bakin kasuwa.

Abin da ke cin raina shi ne na kusa da mu. A kowane aji akwai mai kwana da tambayar da ba ya iya furtawa. In ya ji yadda muke jefa matacciya wuta don ta faɗi damuwarta, wallahi bakinsa alaikum, ba zai ƙara tunkarar malami ba. Daga nan ne muke rasa shi.